Shekara 6 ina yi musu addu'a, da tawa ta taso sai alamar hannu suka turo min

Anti barka da aiki, Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Don Allah ki ɓoye sunana. A cocinmu ni ce wadda duk mai damuwa zai ce bari in gaya wa wance ta saka mu a addu'a. Shekara 6 kenan ina da wani littafi da nake rubuta sunayen mutane da bukatunsu, kullum da asuba kafin yara su tashi nakan bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ni na buɗe mana guruf na addu'a a WhatsApp, mun fi mu 30. To bara maigidana ya kwanta, muka yi sati 7 a asibiti har da tiyata. Na saka a guruf kowa ya turo alamar hannuwan nan na addu'a, shikenan. Mutum 3 ne suka tako, fasto sau ɗaya, sai wata da ta leƙo ta tsaya a bakin ƙofa, sai wata tsohuwa da ko sunanta babu a littafina, ita ce ta yi ta zuwa. Aminiyata da na yi azumi saboda ita lokacin da take neman haihuwa ko kira ba ta yi ba sai da aka sallame mu. Maigida ya warke mun gode wa Allah, amma ni zuciyata ba ta warke ba. Wata 5 ban buɗe littafin ba. In wani ya saka bukata a guruf sai in rubuta "ina addu'a" alhali ba na yi. Lahadin da ta wuce aka yi wa'azi kan yadda Bulus yake gode wa Allah duk lokacin da ya tuna da masu bi, ni kuwa in na tuna su sai in ji abu ya tokare min ƙirji. Maigida ya ce in manta kawai. Anti na yi zunubi ne? In fita daga guruf ɗin ne, ko in canza coci?

Ƙanwata sannu, sannu da jinya, kuma mun gode wa Ubangiji da ya tashi kafaɗun maigida. Na karanta wasiƙarki sau biyu, a na biyun na daɗe a kan maganar sati 7 ɗin nan, domin duk wanda ya taɓa kwana a kujerar asibiti ya san yadda dare yake tsawo a wurin, mara lafiya ya samu barci ke ba ki samu ba, waya ta yi haske ki yi wuf ki ɗauka kina zaton kira ne ko wani zai ce gani nan a ƙofa, ki duba ki ga hannuwa biyu ne a haɗe kamar na jiya da shekaranjiya. Abin da ciwo, kuma kada ki yarda wani ya ce miki ba komai ba ne. Zumunci a ƙafa yake, ke kin san haka su ma sun sani. Maigida da ya ce ki manta ba don bai damu ba ne, shi yana kwance ne yana fama da jikinsa, rabin abin da ya faru ma bai san an yi ba, ke ce kike zaune kina kallon ƙofa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kin tambaya ko kin yi zunubi. Jin zafin kam ba zunubi ba ne. A Getsamani Yesu da kansa ya ɗauki mutum uku da suka fi kusa da shi, Bitrus da Yakubu da Yahaya, ya ce su zauna a faɗake tare da shi, ya dawo ya same su suna sharar barci, kuma bai haɗiye maganar ba, ya tambaye su ashe ko sa'a ɗaya ba za su iya tsaro tare da shi ba. To in Ubangiji ya nemi mutanensa a daren da ya fi kowane dare nauyi kuma ya faɗi abin da ya gani, ke wace ce da za ki ce bai kamata ki ji komai ba.

Amma akwai wuri ɗaya da ba zan lallaɓa ki ba, wannan "ina addu'a" da kike rubutawa ba kya yi. Ki daina daga yau. Ba wai ina ɗaga miki murya daga sama ba ne, ni ma na taɓa faɗawa ciki. Wata ta taɓa tare ni bayan sujada ta ce ɗanta zai rubuta jarrabawa in tuna da shi, na ce ai kuwa zan yi, na hau hanya na manta ƙaf, bayan wata biyu ta zo da murnarta ta riƙe min hannu biyu tana cewa Anti addu'arki ta ci, kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun ranar na ɗaukar wa kaina ƙa'ida, in na ce zan yi to a wurin nake yi ko da jimla ɗaya ce a zuciya, in kuma na san ba zan yi ba bakina alekum. Kinga abin da ya ƙona miki rai shi ne zaton cewa hannuwan da aka turo miki babu komai a bayansu, yanzu kuma ga shi ke ma kina turo wa wasu irinsa. Shi ya sa ƙirjinki yake tokarewa, rabin nauyin na abin da suka yi ne, rabin kuma na abin da kike yi ne yanzu wanda kin san ba halinki ba ne.

Bari kuma mu ɗan leƙa ɓangarensu, ba don in wanke su ba. Ki koma ki duba saƙon da kika saka a guruf ranar farko, me kika rubuta? In dai na san irinku masu ɗaukar kayan kowa, ina zaton wani abu ne kamar "maigida ba ya jin daɗi ku tuna da mu", a taƙaice, cikin ladabi, babu inda kika ce na gaji, ina tsoro, ina bukatar wanda zai zauna da shi awa biyu in je in yi wanka in ga yara. Mutane sun saba ganinki a tsaye, sai suka ɗauka ai wance ƙarfe ce. Sannan guruf mai mutum 30 yana da wata cuta, kowa yana zaton sauran sun riga sun je, a ƙarshe babu wanda ya je. Akwai masu tsoron asibiti, akwai waɗanda ba su san me za su ce ba sai suka yi ta ɗagawa zuwa gobe har kunya ta hana su zuwa gaba ɗaya, akwai kuma masu sakaci tsagwaronsa, ba zan ce babu ba. Amma ga abin da nake so ki riƙe, ke kin yi shekara 6 kina tashi da asuba kina kiran sunayen mutane, waye ya gan ki? Babu. Addu'ar ɗaki ba ta da rasit. A cikin hannuwa 30 ɗin nan wataƙila wasu fanko ne, amma wasu akwai gwiwa a ƙasa a bayansu, kuma ba ki da hanyar gane wanne ne wanne, kar ki tattara su ki yanke musu hukunci ɗaya.

Yanzu wa'azin da ya tsaya miki a wuya. Sau da yawa in ana karanta godiyar Bulus sai mu ɗauka mutanen da yake rubuta wa mala'iku ne. Ki buɗe wasiƙa ta fari zuwa ga Korantiyawa, a sura 1 aya 4 yana cewa kullum yana gode wa Allah saboda su, ki sauko kaɗan zuwa aya 11 ki ga an kawo masa labari suna ta jayayya sun rabu gida-gida, ki ci gaba ki ga suna kai juna kotu a sura 6, a sura 11 kuma wajen Jibin Ubangiji wani yana jin yunwa wani ya bugu. Mutanen da yake godiya dominsu kenan. To me yake gode wa? Ki duba ayar da kyau, godiyar ga Allah take tafiya, kuma dalilinta alherin da Allah ya ba su cikin Almasihu Yesu ne. Bai ce sun kyauta min ba, bai ba su takardar shaidar kyakkyawan hali ba. Ya kalli mutane masu aibi ya hango hannun Allah a jikinsu ya ce na gode da wannan, sannan ya zauna ya gaya musu laifinsu ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya ga abin ya ci karo ba. Ke ma za ki iya cewa Uba na gode da ka kira wance ka cece ta kana aiki a cikinta, kuma a numfashi ɗaya ki ce amma ta ɓata min rai. Allah ba ya bukatar ki yi masa kwalliyar magana.

Wasiƙar Filibiyawa, inda maganar Bulus da aka yi muku wa'azi a kai take, daga kurkuku ya rubuta ta, kuma ko a can akwai mata biyu, Afodiya da Sintiki, da sai da ya kira sunansu ya roƙe su su shirya. A sura 4 aya 10 akwai wata magana da nake so ƙwarai, an ɗauki lokaci bai ji daga gare su ba, da taimakonsu ya iso sai ya ce ya san dama suna tunaninsa, dama ce ba su samu ba. Kinga ya zaɓi ya yi musu kyakkyawan zato. Wanda ya fi kama da naki kuwa yana cikin wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti sura 4 aya 16, inda ya ce ranar da ya fara kare kansa a gaban shari'a babu wanda ya tsaya masa, kowa ya watse, sai ya roƙa kada a lasafta musu wannan. Mutumin da ya yi ta yi wa ikilisiyoyi addu'a dare da rana kenan, ranar tasa babu kowa. Bai ɓoye ba, ya rubuta, har yau muna karantawa. Amma a cikin wasiƙar nan ɗaya bai manta da Onisifaras ba, wanda ya zo Roma ya yi ta cigiya har ya same shi, bai ji kunyar sarƙar da ke hannunsa ba.

Nan nake so in tsayar da ke, domin ke ma kina da Onisifaras ɗinki, amma layi ɗaya kacal kika ba ta a wasiƙarki. Tsohuwar nan. Ba ki taɓa rubuta sunanta ba, ba ki taɓa azumi dominta ba, ba ta bin ki ba kya bin ta, amma ita ce ta yi ta zuwa. Ni a ganina Allah ya yi miki magana ta wurinta ke kuma hankalinki yana wajen ƙofa kina jiran waɗanda kike bi bashi. Na ce bashi da gangan ƙanwata, kar ki ji haushina. Dukkanmu muna da wannan, muna hidima da zuciya ɗaya amma can ƙasa akwai ɗan lissafi da ba mu san muna yi ba, ba ni gishiri in ba ka manda, sai ranar da aka ƙi biya muke gane ashe muna rubutawa. Shekara 6 ɗinki ba su faɗi ƙasa banza ba, ga Allah kika yi su kuma ya karɓa, sai dai bai yi alkawarin zai mayar miki ta hannun mutanen da kika zaɓa ba. Wannan karon ta hannun wadda babu ita a littafi ya aiko.

Don haka in kin tambaye ni daga ina za ki fara, daga gidanta za ki fara, a satin nan. Ki je ke da maigida in jikinsa zai iya, ki zauna ki gaya mata dalla-dalla abin da zuwanta ya yi miki, ranar kaza da kika shigo na riga na karaya, kar ki tsaya a "mun gode" na bakin ƙofar coci. Ki tambaye ta ita kuma me take so a roƙa mata, zai yi wuya a ce ba ta da nata kayan. Kafin ki tafi ki karanta Romawa sura 16, wadda mutane suke tsallakewa wai sunaye ne kawai, ki ga yadda Bulus ya gai da mutum sama da 20 da sunansu, wasu har da abin da suka yi, Maryamu da ta sha wahala dominsu, da uwar Rufas da ya ce ta zama uwa a gare shi shi ma. In kin dawo ki buɗe littafin, sabon shafi, sunanta a sama.

Aminiyarki kuwa, wannan ba a guruf za a warware shi ba, kuma don Allah ban da habaici a sitatus. Matiyu sura 18 aya 15 ta ce ki je ki same ta ku biyu kaɗai. Ki kira ta ki ce kina son ganinta, in kun zauna ki faɗi naki kawai, lokacin da muke asibiti na yi ta sa ran jin muryarki ban ji ba, abin ya yi min ciwo har yanzu, ban so in ci gaba da yi miki murmushi da abu a raina. Kar ki kawo maganar azumin da kika yi mata, ko kusa, da zarar kin ambata shi maganar ta koma gori, ita kuma za ta fara kare kanta. In kin gama ki yi shiru ki saurara. Wataƙila ki ji abin da ba ki sani ba yana faruwa a gidanta a lokacin, wataƙila ta fashe da kuka ta ce kunya ce ta hana ta, wataƙila kuma ta ce ai ke ma kin cika ƙorafi. In na ƙarshen ne ya faru, to kin sauke naki, ba dole ba ne ku koma kamar da, gafara daban amincewa daban, ita amincewa a hankali take dawowa in ma za ta dawo. Amma sunanta kar ya fita daga addu'arki. Ki tuna Ayuba, abokansa sun zo amma maganarsu ta fi rashin zuwa ciwo, 'yan'uwansa na jini kuwa sai a sura ta ƙarshe muka ga sun shigo gida, kamar dai mai kiran bayan sallama, kuma a sura 42 aya 10 aka ce Ubangiji ya mayar masa da abin da ya rasa lokacin da ya yi wa abokan nan addu'a. Ban ce miki wata dabara ce ta samun albarka ba, abin da na gani a rayuwa shi ne da wuya ka yi ta kiran sunan mutum a gaban Allah kullum kuma ƙiyayyarsa ta samu wurin zama.

Komawa addu'ar kanta, kar ki ce gobe da asuba za ki bi shafi 40 kamar da, za ki gaji ki sake rufewa. Suna uku sun isa a yanzu, tsohuwar, da wani da ba ki da matsala da shi, da guda ɗaya cikin waɗanda suka ɓata miki. Kowane suna ki fara da abu ɗaya na gaskiya da za ki gode wa Allah a kansa kafin ki roƙi komai, ko da abin ƙarami ne, ko da "na gode da ta san ka" ne kawai. In baki ya ƙi buɗewa ki ari addu'ar Bulus ta Filibiyawa sura 1 aya 9 zuwa 11, inda yake roƙo ƙaunarsu ta yi ta ƙaruwa da sani da ganewa, ki saka sunan mutumin a ciki, ai abin da kike so su samu kenan ma. Ranar da ko wannan ya gagara ki zauna shiru, Romawa sura 8 aya 26 ta ce Ruhu yana taimakonmu cikin rauninmu lokacin da ba mu san abin da za mu roƙa ba. In bukata ta shigo guruf, ki yi addu'ar kafin ki taɓa waya, ko ki rubuta addu'ar kanta layi biyu, bayan sati ɗaya kuma ki bi mutumin ta gefe ki ce ya jiki, wannan bin sawun ya fi hannuwa ɗari.

Guruf ɗin kar ki fita cikin fushi, amma za ki iya hutawa. Ki ba mutum biyu su riƙe shi na wata uku, ki gaya musu gaskiya cewa jinya ta gajiyar da ke kina bukatar a ɗauke ki ke ma. Na san zai yi miki nauyi a baki, wanda ya saba bayarwa roƙo yana masa wuya, amma Bulus da kansa sau nawa ya ce 'yan'uwa ku yi mana addu'a, Musa ma da hannunsa ya gaji dutse aka sa masa ya zauna, Haruna da Hur suka riƙe masa hannu har rana ta faɗi. In ranki ya ɗan sauka ki samu fasto ko ɗaya daga cikin dattawa, ba da ƙara ba, ki ce ga abin da na gani ga kuma shawara, duk lokacin da aka kwantar da wani a samu mutum ɗaya da zai kira iyalin ya tambayi ainihin abin da suke bukata ya raba ranaku, wa zai je Litinin wa zai je Laraba. Ke kin fi kowa sanin inda ramin yake tunda ke kika faɗa.

Canza coci kuma ba yanzu ba. Ba na cewa haramun ne, in kin yi magana aka raina ki, ko kika ga a wurin sai mai hali ake dubawa kuma an ƙi gyarawa, to ku zauna da maigida ku yi shawara ku fita ta ƙofa da sallama. Amma in kin tafi a yadda kike ɗin nan, ciwon zai bi ki, kuma can ma mutane za ki tarar. Sannan ki lura da jikinki, in barci ya ƙaurace miki ko kuka yana zuwa ba dalili har yanzu, ki ga likita, gajiyar jinya takan daɗe a jikin mai jinya bayan mara lafiya ya miƙe.

Maigida ma ki zaunar da shi wata rana da dare ki ba shi labarin sati 7 ɗin daga inda kike zaune, domin shi daga kan gado ya gan su. Ki ce masa ba manta kike so ya ce ba, hannunki kike so ya riƙe ya yi miki addu'a da bakinsa. Ni ma kafin in fara rubuta amsar nan na ajiye waya na yi miki, ban san sunanki na gaskiya ba sai na ce mai littafin nan. In kin je wajen tsohuwar ki rubuto min abin da ta ce.